Mu tara za mu je kwana ɗaya a kan keke daga Zariya, amma kanmu ya rabu

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne a Tudun Wadan Zariya. Mu tara ne muke fita motsa jiki a kan keke duk safiyar Lahadi, iyakarmu cikin gari. Yanzu mun yanke shawarar a hutun Disamba mu fita ranar Asabar, mu kwana a wani wuri, mu dawo Lahadi, kuma ni aka ɗora wa tsara tafiyar. Sai dai kanmu ya rabu. Wani abokinmu ya dage sai an nufi wajen Giwa an kafa tanti a bakin rafi an hura wuta, irin yadda yake gani a YouTube. Wasu kuma suna so a bar ɗaya daga cikinmu a gida, wai kekensa tsoho ne, shi ma jikinsa da nauyi, kullum shi ake jira. Ni kuwa da na faɗa wa Baba, cewa ya yi kada in ƙara tayar masa da maganar. Abokaina sun ce in ce masa biki zan je. Kawu, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Abin da kuke son yi ba laifi ba ne, kuma mai yiwuwa ne. Sai dai kun tsaya kuna gardamar ina za a je, alhali tambayar farko ita ce a gidan wa za a kwana. Ku samo mai masauki tukuna. Da zarar an same shi, hanya ta fito da kanta, lokacin tashi ya fito, har maganar Baba ma za ta yi sauƙi.

Maganar tanti dai a ajiye ta. Mutanen da abokinka yake kallo, yawancinsu a filayen da aka keɓe wa matafiya suke kwana, da mai gadi da famfo da ban-ɗaki. Giwa kuwa ta yi iyaka da Birnin Gwari, kuma ta shafe shekaru tana fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu. Ko da an ce maka abin ya lafa, ba da kanku za a gwada ba. Bar ma ta 'yan bindiga. Ko a ƙauyen da yake zaune lafiya, ka ɗauka kai ne manomi, ka hangi wuta a bakin fadama cikin dare, ga baƙin samari tara da ba wanda ya san daga inda suka fito. Ba ka tsaya tambaya ba, 'yan banga za ka taso. Su kuma in suka zo da gora da bindigar toka cikin duhu, sai bayan an gama mai afkuwa ake neman katin shaida. Ka faɗa wa abokinka haka a gaban kowa, ba da cin fuska ba. In wuta yake so, a ƙofar gidan mai masauki ma ana hura ta lokacin sanyi, har da hira da dattawan unguwa a kai.

Ku tara 'yan Zariya, da wuya a rasa mai kaka ko kawu ko gwaggo a Maƙarfi, ko Hunƙuyi, ko Kudan, ko Maigana, ko Soba. In ba dangi, akwai abokin karatu wanda iyayensa suka san naku. In ni za a bi, kuma aka samu gida, Maƙarfi zan ce. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce, ta titin Kano zuwa Tashar Yari sannan a karkata. Nisan ya isa a ji an yi tafiya, bai kuma kai ya karya wanda bai saba ba. Akwai motocin haya a kan hanyar duk yini, akwai masu faci, akwai asibiti a garin. Ga shi lokacin rake ne, ƙasar kuwa da shi aka san ta, za ku ga yadda ake matse shi ana dafa mazarƙwaila. Kasuwarta ranar Laraba take ci, don haka Asabar da Lahadi kun kauce wa cunkosonta. In kun ga nisan ya yi yawa ga tafiyar farko, Hunƙuyi ta hanyar Basawa ba ta kai kilomita 30 ba. Maigana ma kusa take, ta Dakace a tsallake Galma, amma titin guda ɗaya ne masu zuwa da masu dawowa suke rabawa, ga manyan motoci, ni bai kwanta mini ba ga ayarin da bai taɓa fita gari ba.

In an samu gidan, kada a yi wa mutum dirar mikiya. Wanda yake da alaƙa da shi ya kira, ko ma ya hau mota ya je da kansa mako guda kafin ranar. Ya faɗi adadinku ba ragi, ya faɗi lokacin da za ku iso da lokacin da za ku tashi. Ya roƙi mai gidan ya sanar da mai unguwa, shi kuma mai unguwa ya san yadda zai yi da 'yan sintiri. In kun isa, kafin ku bazu kallon gari, ku wanke fuska ku bi mai masaukinku ku je ku gaida mai unguwa. Ku tuɓe takalma a bakin zaure, ku durƙusa, mutum ɗaya ya yi magana, saura su yi shiru. Minti goma ne, amma daga nan kun tashi daga "wasu yara" kun koma baƙin Malam wane, kuma duk wanda ya haska ku da tocila da dare ya san ko su wane ne. Kekunan a shigar da su zaure ko cikin gida, a haɗa su da sarƙa ɗaya a kulle.

Ka tuna kuma samari tara da suka wuni suna taka feda ba ƙaramin tuwo za su tashi da shi ba, kuma mai gida ba zai taɓa cewa kun yi masa yawa ba, ko da kuwa kun cinye masa hatsin mako. Ku aika da kuɗin cefane tun gaba ta hannun ɗan uwan nasa, a ce a ba uwargida. Sannan ku riƙo tsaraba daban: sukari, ganyen shayi, sabulu, goro ga dattijon gida. Kowa ya zo da bargonsa. Sanyin Disamba a ƙasar Zazzau yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, kuma ba gidan da yake da barguna tara na ajiya. Gidan sauro biyu ko uku ma kada a raina, don inda rake yake akwai ruwa, inda ruwa yake sauro bai san hunturu ba.

Yanzu ga Baba. Maganar biki, kada ka soma. In keke ya kayar da kai ka karye a Tashar Yari, wa za a kira? Shi ɗin dai. Sannan ka haɗa masa tashin hankali biyu, kuma ka rufe wa kanka ƙofar kowace tafiya nan gaba. Ina zaton abin da ka kai masa shi ne "Baba za mu je yawo a keke mu kwana." Ni ma da ɗana ya zo mini da wannan, amsar da zai samu ke nan. Ka koma da abin da uba zai iya riƙewa: ga garin, ga sunan mai gidan da dangantakarsa da abokinka, ga lambarsa, ga sunayen waɗanda za su je da iyayensu, ga lokacin tashi da na isa. Kada ka tare shi kai kaɗai bayan ya ce a bar zancen. Ka bi ta wajen Mama, ko wani baffanka da yake jin maganarsa, su nemi ya saurare ka. In zai yiwu, mai masaukin ya gaisa da shi ta waya, dattijo da dattijo. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne a samu wani babba, yayan ɗayanku ko malaminku, ya raka ku a kan babur. Shi zai ɗauki jakunkuna da ruwa, in wani ya gaza ya goya shi zuwa tasha. In duk an yi haka Baba ya ce a'a, to ka haƙura. Ka gama tsara wa abokanka, ka raka su Kwangila, bakin titin Kano, ka dawo gida. Uban da ya ga an bi maganarsa a Disamba yakan sassauta kafin wani hutun.

Abokinku mai nauyin jiki kuwa, ban ga dalilin barinsa ba. Wanda ake fita da shi duk Lahadi, ranar tafiyar daɗi a ce ya zauna? Zai ji, kuma ba zai manta ba. Tafiyar nan ba tsere ba ce. Ku yi irin ta fataken da, jagaba a gaba, madugu a baya. Wanda ya fi sanin hanya ya ja gaba, shi abokin nan naku ya bi masa a na biyu, don saurin kowa ya daidaita da nasa. Wanda ya fi kowa ƙarfi da iya gyara shi ne na ƙarshe, da kayan aiki a kariyarsa, ba ya wuce kowa komai ya faru. Wannan matsayin ya fi kowanne wuya, don masu ƙarfi ba sa son tafiya a hankali. Tunda kai ne mai tsarawa, ka ɗauke shi.

Amma kada a yanke hukunci da baki. Mako biyu kafin tafiyar, ku yi gwaji: daga Tudun Wada ku bi ta Kwangila har Samaru ku dawo, ya haura kilomita 20, kowa da jakar da zai je da ita a ɗaure a kekensa. A nan za a ga wanda numfashinsa bai kai ba, da sirdin da yake yanka cinya, da birkin da ba ya ci. Kada ka yi mamaki in mai tsohon keken ya dawo garau, wani mai sabon na gwanjo ya tsaya da kaca a hannu. Irin baƙin keken nan na Phoenix da Raleigh, mai taya 28, nauyi gare shi kuma ba giya, amma duk mai facin ƙauye ya san shi ciki da bai, kuma yana da kayansa a akwati. Mai keken tsere mai siririn taya da siririn bawul shi ne abin ji, don in tif ɗinsa ya fashe a hanya ba lallai a samu irinsa ba sai an dawo Sabon Gari, kuma famfon mai faci ma ba lallai ya shiga bakinsa ba. Shi ya zo da tif biyu da famfonsa. In gwajin ya nuna abokinku da gaske ba zai kai ba, to ya bi mai babur ko ya hau mota da kayan kowa ku haɗu a can. An je da shi ke nan.

Bayan gwajin kowa ya kai kekensa wurin mai gyara: a canza robar birki in ta cinye, a duba boris, a ɗaure kariya, a zuba wa kaca mai, a daidaita taya in tana rawa. A yi wannan da sauran kwanaki, ba daren Juma'a ba, don gyara ma yakan zo da tasa matsalar. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda in feda ta sauka ƙasa ƙafa za ta kusa miƙewa. Gajeren sirdi yakan jawo ciwon gwiwa.

Kayan aikin ayari ba yawa: famfo biyu, sifana lamba 10 da 13 da 15, filaya, sukudireba, sholisho da robar faci, ɗan guntun sanfefa, da igiyar roba. Aƙalla mutum uku su iya faci da hannunsu. Ku je wurin mai facin unguwarku ku biya shi ya nuna muku. Za ku ga yana hura tif ɗin, ya tsoma shi a ruwa yana juyawa har inda kumfa take tasowa. Ya tsane wurin, ya kankare shi har ya yi kaushi, ya shafa sholisho siriri da yatsa, sannan ya ajiye ya ci gaba da hira. Wannan jiran shi ne aikin. Sai ƙyallin sholishon ya dushe ya daina kama yatsa sannan ake manna robar a danne ta sosai. Mai gaggawa da ya manna da ɗanyensa, kafin kilomita biyu iska ta sake fita. Kafin a mayar da tif, a zagaya da yatsa a hankali cikin tayar, don ƙusar ko ƙayar da ta huda tana nan a maƙale. Gefen hanyoyinmu da rani cike yake da tsaidau, shi ya sa in za ku sauka daga kwalta ku huta, ku tura keken ko ku ɗaga shi, kada ku shiga ciyawa a kansa.

Ranar tafiya, a yi sallar Asuba, a karya, a tashi da zarar gari ya waye sosai, wajen ƙarfe bakwai saura. Kada a fita da duhu, kuma in hazo ya yi kauri a jira ya ɗan ɗaga, don direba ba zai hango ku ba. Ga wani abu da mutane ba sa lissafawa: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Maƙarfi kuwa can ta nufa. Ke nan da zuwa iska a ƙirjinku take, kuma tana ƙara ƙarfi in hantsi ya yi. Ayari irin naku yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa, don haka ku ƙiyasta awa huɗu har da hutu, ku yi Azahar a masauki. Ku kafa doka tun a gida: in La'asar ta riske ku a hanya saboda kowane dalili, a tsayar da mota a loda kekuna. A Disamba shida da 'yan mintuna rana ta faɗi.

Titin Kano, tun da aka sake gina shi, santsinsa daɗi ne ga mai keke, amma motoci ma gudu suke kamar ba gobe. Ku bi hannun dama, a can gefe, ɗaya bayan ɗaya. Al'adar nan ta masu keke ta bin hannun da ba nasu ba wai don su riƙa ganin mota, kada wanda ya yi ta. Tsakanin kowane biyu a bar tazarar keke biyu ko uku. In tirela ta taho, a riƙe kan keke da hannu biyu, don iskarta tana ture mutum sannan ta janyo shi. Ba kama bayan mota, ba abin sauraron waƙa a kunne, ba ɗaukar bidiyo ana tafiya. Riguna masu haske, hular kwano ga duk wanda zai iya samu. Za ku so rufe hanci saboda ƙura, ba laifi, amma in kun doshi shingen jami'an tsaro ko za ku shiga gari, kowa ya buɗe fuskarsa, ku rage gudu, ku yi sallama. Katin ɗan ƙasa ko na makaranta a aljihun kowa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gama-gari kuma 112.

Sanyi yakan yaudari mutum ya ƙi shan ruwa, alhali busasshiyar iskar tana zuƙe shi. Kowa ya ɗauki lita biyu, a riƙa kurɓa ko ba ƙishi, a ƙara da ruwan leda a hanya. Guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, biredi. Fura da nono a bari sai an isa, don in ta sauka a ciki ƙafa mutuwa take. A jakar magani a sa bandeji, auduga, aidin, maganin ciwon jiki, man shafawa saboda leɓe da tsakanin cinya, da ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ka tambayi kowa a keɓe ko yana da asma ko sikila ko olsa. Ƙurar hunturu da sanyi da gajiya ba sa yi wa na farko biyun daɗi, kuma irin wannan ba a son faɗa a cikin taro.

Kuɗi a tara su gaba ɗaya kafin ranar, a hannun mutum ɗaya wanda ba kai ba, ya rubuta shiga da fita a aika wa kowa. A ciki a ware abin da zai isa mayar da mutum uku da kekunansu Zariya a mota, ba a taɓa shi sai dole. In ya dawo, a raba. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ba ko'ina taransifa take tafiya ba. In akwai wanda hannunsa bai kai ba, ku biyu ko uku ku cike masa a asirce.

Wani zai tayar da zancen kasaru, na sani. A mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wajen kilomita 80, don haka sallarku cikakkiya ce.

Hotuna a ɗauka, amma ba a sa su a Facebook ko sitatus sai an dawo gida. Ba wanda yake buƙatar sanin inda samari tara da manyan wayoyi za su kwana yau. Kada a ɗauki jami'an tsaro, kada a ɗauki matan mutane, kuma a gonar rake a nemi izini kafin a shiga. Bayan Isha'i ba fita sai da ɗan gida.

Dawowa ta fi sauƙi ta wajen iska, don yanzu a bayanku take, amma minti ashirin na farko mazaunai za su yi ta ƙorafi. Ku daure, yana wucewa. Za a so riƙe ku sai kun ci abincin rana, ku ba da haƙuri ku tashi da hantsi. Raken da za a ba ku a sassara shi gajeru a ɗaure a kariya a tsaye da tsawon keken, kada a gicciye shi ya leƙa titi.

Daren Juma'a ka kira mai masauki ka tambaye shi lafiyar hanya da ta gari, ka kuma tambayi wani direba da yake bin hanyar kullum. Da asuba ka sake kira. In ɗayansu ya ce "ku ɗan dakata," ko ma ka ji yana jan magana, an fasa, ba ƙuri'a ba gardama. Ka sanar da abokanka wannan sharaɗin tun ranar da za a karɓi kuɗi, don kada a ce kai ka wargaza. In hakan ta faru, kuɗin cefanen da aka aika ya zama kyauta, ku kuma ku hau ku yi Samaru ku ci abinci tare, a sa wata ranar.